Hattara da masu tallar shayin rage ƙiba ga mata masu ƙaramin ciki

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata, har da ku maza masu iyali, don maganar ta shafe ku.

Akwai wata sana'a da ta yi ƙarfi a zaurukan WhatsApp na mata da shafukan Instagram da TikTok, ya kamata a san da ita. Masu yin ta suna farautar mace mai ƙaramin ciki, wata biyu zuwa uku, daidai lokacin da riguna suka fara matse ta, zani ya daina ɗauruwa inda ya saba, su sayar mata da abin da suke kira shayin rage tumbi na musamman don masu juna biyu. Ba zan kama suna ba, domin ba mutum ɗaya ba ce. Yau shafin na Hajiya wance ne, gobe an rufe shi an buɗe wani da hotunan jiya. Salon ne ba ya canzawa.

Da tsoratarwa suke farawa. Za a turo saƙon murya, muryar mace mai natsuwa kamar wata yayarki, tana cewa in kika bari jiki ya buɗe tun yanzu, bayan haihuwa ba ya komawa, kina zaune maigida zai fara hangen waje. Sai hotuna su biyo baya, wata kafin ta sha, wata bayan ta sha, an yanke kawunan. Sai hotunan hira da wai masu saye, kowacce tana godiya, jariri lafiya lau. Daga nan a ce ki yi magana a keɓe. A can keɓen ne ake faɗar abin da ya fi komai muni: wai kada ki gaya wa ma'aikatan asibiti, don su ba sa son maganin gargajiya.

Sun san mu sarai. Sun san mace a wajenmu ba ta faɗin ƙaramin ciki, balle na fari. Ga kunya, ga gudun baki, ga al'adar nan ta ƙin zuwa awo sai ciki ya fito fili. Yarinya tana ganin jikinta yana sauyawa, ba ta iya tambayar uwarta, ba ta iya tambayar surukarta, sai waya. Wannan shirun shi ne jarinsu.

Haka ta faru da 'yar ƙanwar mahaifiyata, amarya mai cikin fari. Ta tura kuɗi, asusun ma da sunan wani namiji ya fito, aka ce na yaron shago ne. Kaya suka iso ta hannun direba a tasha: baƙar leda, a ciki garin ganye mai ɗaci a ƙulle, da wata 'yar roba cike da kafso marasa rubutu ko ɗaya a jikinsu. Takardar da aka manna wa robar irin wadda ake bugawa a shagon kwamfuta ce, ba adireshi, ba ranar lalacewa, ba jerin abin da aka haɗa. Ta fara sha, sai gudawa da murɗar ciki, zuciya na dukan uku-uku, baki a bushe, barci ya ƙaurace mata. Da ta yi ƙorafi aka ce ai dattin ciki ne yake fita, ta daure, kuma sai ta sayi kashi na biyu aikin zai kammala. Ga laulayi dama yana hana ta riƙe abinci. Ranar da jiri ya kayar da ita a banɗaki aka kwashe ta zuwa asibiti, sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Allah ya kiyaye cikin. Da yayanta ya kira lambar yana neman bayani, kafin ya gama magana an toshe shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne cutar da ake sayar wa maganin ba cuta ba ce. A watanni ukun farko mahaifa tana can ƙasa cikin ƙugu, sai wajen sati na 12 take fara leƙowa sama, ɗan tayin ma a lokacin tsawonsa bai wuce santimita 6 ba. Wannan tudun da kike gani da yamma, da safe kuma ya ragu, mafi yawansa iska ce da taurin bayan gida, saboda sinadarin projestaron da ke riƙe ciki yana sa hanji ya yi sanyin aiki. Nono yana cika yana ciwo don yana shirin shayarwa. Jinin jiki yana ƙaruwa, kafin haihuwa ya kan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Wane shayi ne zai narkar da wannan?

Ƙa'idar da masana lafiya a Amurka suka fitar a 2009, wadda likitoci da yawa ke aiki da ita, ta nuna a watanni ukun farko mace kan ƙara rabin kilo zuwa kilo 2 ne kawai, wasu ma ramewa suke yi saboda amai. A tsawon cikin gaba ɗaya, mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16, siririya 12.5 zuwa 18, mai ɗan jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai 5 zuwa 9. Ku lura, har mai ƙiba sosai ƙari aka ce ta yi, ba ragi ba. Kuma nauyin nan yana da inda yake zuwa: jariri kilo 3 da wani abu, ga mabiyiya, ga ruwan da yake kwance a ciki, ga mahaifar kanta, ga jini, sannan ɗan kitsen da jiki ke ajiyewa don ranar shayarwa.

To me ke cikin irin waɗannan kaya? Da yawa daga shayin rage ƙiba ganyen sa zawo ne, dangin filasko da muka sani. Ruwa yake fitarwa, sikeli ya sauka kwana biyu, ki ɗauka kitse ne ya tafi. Wasu kuma ana cakuɗa su da magungunan bature a ɓoye. Akwai sibutramine, maganin rage cin abinci da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano shi a cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa tsantsar ganye. Yana ɗaga hawan jini, yana sa zuciya gudu, yana busar da baki, yana hana barci. Ana kuma samun masu zuba maganin sa fitsari. Duk wannan a makonnin da ake halittar zuciyar yaro da ƙwaƙwalwarsa da lakarsa. Ita mai sayarwar sau da yawa sari ta yi, ba ta san abin da ke ciki ba. Kuma in kika duba shafinta da kyau, a nan dai take tallar sha-ka-fashe ga masu son ƙiba.

Za su ce miki ai akwai lambar NAFDAC. Lamba kowa na iya bugawa a takarda. Hukumar tana da rumbun bincike a intanet mai suna Greenbook, ki sa lambar ki gani ko sunan kayan da na kamfanin sun yi daidai. Ko lambar ta gaskiya ce, wadda ake ba magungunan gargajiya mai harafin L a ƙarshe ba shaida ba ce cewa maganin yana yin abin da aka ce yana yi, ballantana a ce ya dace da mai ciki.

Akwai kuma waɗanda ba sa ma turo komai. A karɓi kuɗin kaya, a karɓi kuɗin mota, a ce direba ya maƙale a hanya sai an ƙara, daga nan waya a kashe. Ni a wajena waɗannan sun fi sauƙi, kuɗi kawai suka ci.

In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sahu. Masu kula da zaurukan mata da ke karɓar kuɗin talla su saki kowane irin kaya ba tambaya, ku ji tsoron Allah, da amincin da aka ba ku ake cinikin. Ku kuma maza, wasan nan na "kin fara zama buhu" ku bar shi. Kai ka faɗa ka manta, ita da shi za ta kwana, gobe ta tura kuɗin cefane wa Hajiyar WhatsApp.

Wadda nauyinta ke damunta da gaske, wurin awo za ta kai kukanta. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya sau 8 a tsawon ciki, na farko cikin sati 12 na farko. A can za a auna nauyi da hawan jini da sukari, a ba ki maganin ƙarin jini da folik asid. Kumburin ciki kuwa yana sauƙi da cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, shan ruwa, zogale da alayyafo da kayan marmari, rage lemon kwalba, da ɗan tattaki bayan la'asar. Ki saki ɗinki, ki sayi rigar nono daidai jikinki na yanzu, ki ajiye bel ɗin matse ciki.

Idan kin riga kin sha, ki daina yau, kuma kada kunya ta sa ki zubar da ragowar. Ki tafi da ita asibiti a robarta, ki faɗi yaushe kika fara da yawan da kike sha. In akwai zubar jini, ciwon mara mai tsanani, amai ko gudawar da ta ƙi tsayawa, jiri, ko bugun zuciya da sauri, ba a jiran gari ya waye. Haka in ciki ya haura wata biyar kika ga fuska da hannuwa sun kumbura farat ɗaya, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, wannan ba ƙiba ba ce, yana iya zama hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga.

Kafin su goge, ki ɗauki hoton hirarku da lambar asusun da shaidar tura kuɗi. Ki sanar da bankinki da wuri, ki kai ƙorafi ofishin NAFDAC na jiharku, sannan ki tura wa mai kula da zauren da kika ga tallar, ki ce ta cire ta.