Tutoriyal ga ɗalibin kimiyya: wanne ya cancanci lokacinka da kuɗinka?

Ɗalibin kimiyya da ya shigo aji ɗaya a jami'a, kafin ya san hanyar ɗakin gwaje-gwaje an riga an cika masa hannu da takardun talla: wannan ƙungiya na tutoriyal ranar Asabar, wancan malami na koyar da Fiziks a bakin get. Kafin ka zaɓa, ka fara sanin abin da za ka iya samu ko rasawa a sakamakonka.

A mafi yawan jami'o'in Najeriya, maki 70 zuwa sama shi ne A mai daraja 5, maki 50 zuwa 59 kuma C mai daraja 3. Ana ninka darajar da yawan yunit ɗin kwas. Kwas mai yunit 3 ke nan A na ba ka 15, C na ba ka 9. Idan kana ɗauke da yunit 18 a zango, wannan tazarar ta 6 ta zaftare maka 0.33 daga sakamakon zangon, daga kwas guda. Shi ya sa taimakon da za ka nema ya kamata ya tafi kan kwasa-kwasai masu nauyi irin su Lissafi, Fiziks da Kemistiri, ba a warwatsa shi a kan komai ba.

Tutoriyal na ƙungiyoyi, kamar na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya (MSSN), na ƙungiyar sashenku ko ta 'yan jiharku, galibi kyauta ne, kuma 'yan gaban aji ke koyarwa. Ƙarfinsa shi ne mai koyarwar ya zauna gaban lakcaran nan bara ko bara waccan, ya san inda yake ɗana tarko. Rauninsa cunkoso ne. Idan ɗaki ya cika har ana leƙe ta taga, lakca ta biyu ce kawai aka maimaita, kai kuma kana kwafa. Akwai kuma matsalar mai koyarwa da ya haddace hanyar warware tambaya ba tare da ya san dalilinta ba. Da an sauya lamba ko an juya tambayar sai ya kakare. Duk da haka ka shiga, amma ka zo da wuri ka zauna gaba, kuma ka taho da tambayoyin da ka riga ka gwada suka gagare ka.

Tutoriyal na kuɗi shi ne ke buƙatar bincike sosai. Kada ka biya kuɗin zango gaba ɗaya kafin ka zauna darasi ɗaya ko biyu. A zaman nan ka lura da abu uku: mutum nawa ne a ajin, shin ana ba ɗalibai aiki su warware da hannunsu a duba musu, kuma shin abin da ake koyarwa ya yi daidai da jadawalin kwas ɗinku na bana. Na ukun nan yana da muhimmanci, domin tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta fito da sabon tsarin manhaja na CCMAS, wasu kwasa-kwasan sun sauya lamba da abin da ke cikinsu, wasu masu tutoriyal kuwa har yanzu da tsohon littafinsu suke aiki. Wanda ya ce maka yana da tambayoyin da za su fito, ka tashi ka bar wurin. Satar jarrabawa kora ce, kuma sunanka ne zai hau takardar korar.

Akwai taimakon da ɗalibai ke raina wa: malamin da ke kula da ajinku da kuma lakcaran kwas ɗin a ofishinsa. Ba ko sisi, kuma su kaɗai ne za su gaya maka yadda za ka tsara rajista idan kana da kariyoba, wato kwas ɗin da ka faɗi za ka maimaita.

Darussan intanet irin na Khan Academy na da amfani wajen toshe ramin da aka taho da shi daga sakandare, musamman aljabara da lissafin kusurwa, wanda rashinsu ne ke kayar da mutane a Fiziks. Sai dai ba za su koya wa hannunka riƙe buret, wato bututun gilashin da ake ɗiga ruwa da shi a awo, ba, ko gane ɗigon ƙarshe da ke sauya launin ruwa a gwajin asid. Wannan sai ka tsaya a ɗakin gwaji da kanka, don haka kada wani tutoriyal ya ci maka lokacin aikin gwaji ko na lakca. Jami'o'i da dama na sharɗanta halartar kashi 75 kafin a zauna jarrabawa.

Haɗin da ya fi aiki shi ne tutoriyal ɗaya a kwas ɗin da ya fi ba ka wahala, sannan rukunin karatu na mutum uku zuwa biyar, kuna haɗuwa sau biyu a mako da tambayoyin shekarun baya. Kowa ya warware shi kaɗai cikin lokacin da aka yanka, sannan a musanya takardu a duba wa juna. Ku fara tun mako na uku, kafin jarrabawar gwaji ta farko ta zo.