Mai girkin marasa lafiya ta Sabon Gari, ga abin da na gani bayan aikin rage tumbi

Salamu alaikum 'yan uwa. Mata da yawa sun yi ta tambayata ta WhatsApp wai mi nike ci yanzu kuma wa ke dafa min, to na ga gara in yi bayani sau guda kowa ya karanta. Akwai wata Hajiya nan Damagaram wajen Sabon Gari da ke girki musamman don marasa lafiya, ita ce ta riƙe ni da abinci tun da na dawo daga aikin rage tumbi. A taƙaice aikinta ya yi kuma ina ba da shawarar a je wajenta, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne dalilin da ya sa rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Ga wadda ba ta sani ba, a Tunis aka yi min aikin, irin wanda lokotoro ke ce ma silib. Ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar, abin da ya rage siriri ne kamar ayaba, da farko abin da yake ɗauka bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Wajen da ake cirewa nan ne jiki ya fi yin sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, shi ya sa watannin farko sai ki wuni ba ki tuna da abinci ba. Ni ba don kwalliya na yi ba, sukari ne da tansiyo da gwiwa suka haɗu min, har ruku'u ya fara gagarata, salla sai a kujera. Can kiliniki sun ba ni takarda da faransanci mai tsarin abinci, kamar sati 2 na farko ruwa-ruwa kawai, sannan niƙaƙƙe, sannan mai laushi, sai wajen sati 6 zuwa 8 a fara taɓa abincin mutane a hankali. Takardar ta yi kyau amma duk abincin da ke cikinta na can ne, wasu ma ban taɓa ganinsu a kasuwar Dole ba. Gidanmu kuwa tukunya guda ce, tuwo da miyar kuka da daddare, shinkafa da mai da yaji da rana, ga yara ga maigida ga baƙi, ba yadda za a yi a juya gida kaf saboda ni, ni kuma lokacin ko tsayuwa bakin murhu ban iya ba.

Wata ƙawata da mahaifinta ke fama da ciwon sukari ce ta haɗa ni da ita. Hajiya ta daɗe tana yi ma masu sukari da masu hawan jini da waɗanda aka sallamo daga asibiti girki, amma ta faɗa min gaskiya tun ranar farko, ta ce ɗiyata ni ban taɓa dafa ma wadda aka rage ma ciki ba, turo min takardar lokotoro mu gani. Wannan maganar ce ta sa hankalina ya kwanta da ita, don da wata ce sai ta ce ai na iya, ba komai, ta aiko miki da faten dankali cike da kwano. Ɗiyarta da ta yi lakwal ita ta karanta takardar ta fassara mata, muka yi ta musayar murya har muka tsara abin da ake samu a nan wanda zai maye gurbin na can.

Yadda tsarin yake, da daddare za ki tura mata saƙo ki faɗi abin da kike so gobe, ɗan kabu-kabu ya kawo miki sau 2 a rana cikin 'yan ƙananan robobi masu murfi, ke ki raba su ci 5 ko 6. Kuɗin ana biya sati-sati, hannu da hannu ko ta Nita. Ni lokacin jikka 2 nike biya a rana ban da kuɗin ɗan kabu-kabu. Na san wata za ta ce jikka 2 a kan abincin da bai cika tafin hannu ba? Haka ni ma na ce da farko, amma kaza ce da kifi da ƙwai, ga wahalar niƙa da tata, ga gawayi, in kika lissafa ba ta ci ki da tsada ba. Duk da haka ba kowa ke iyawa ba, musamman bayan an gama kashe kuɗin tafiya da na aiki, wannan kam gaskiya ce.

Lokacin ruwa-ruwa wallahi ta burge ni. Romon kaza take yi ta bar shi ya huce ta kwashe man da ya taso sama tas, ta tace da kyalle har sai ya zama garau, ba barkono ba tattasai, ɗan gishiri da citta kaɗan. Akwai kunun gyaɗa marar sukari mai ruwa sosai, akwai nono da ta tace ta cire gudaji. Da na shiga zangon niƙaƙƙe kuma nan ne na ga hannunta, kabewa da tsokar kaza ta niƙa su luƙwi, wake ta surfe ta cire bawon ta dafa ya narke, alala mai laushi da ƙwai a ciki ba manja, kifi ta zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya ta murje shi cikin romo. Alalar nan har yau ita ce abincina, cokali 4 ko 5 na ƙoshi kuma ba ta tsaya min a ƙirji. Abincin marar lafiya yawanci salam yake, mutum ya ci don dole, nata kuwa da ɗan daddawa da albasa da ta dafu ta narke sai ki ji ƙamshin girkin gida, kuma a lokacin da kike kallon kowa na cin tuwo ke kina kurɓar ruwa wannan ƙamshin ba ƙaramin abu ba ne ga zuciya.

To ga sharaɗin. Hajiya gwanar girki ce amma ba lokotoro ba ce, kuma tunaninta irin namu ne na gida, wato marar lafiya kunu da koko da fura ke tayar da shi. Mu da aka yi ma aikin kuwa abin da aka fi ja mana kunne a kai shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da kifi da ƙwai da wake, giram 60 zuwa 80 kowace rana, don in bai isa ba jiki tsokarsa yake ci, ki rame ki yi laushi ki kasa ɗaga ko bokiti. Ƙwai guda giram 6 ne kawai, ki lissafa ki gani aikin da ke gabanki da ɗan cikin nan. In kika cika shi da kunun gero kin toshe wajen da nama ko ƙwai ko wake zai shiga. Akwai ranakun da ta riƙa aiko min fura mai laushi da nono da ɗan zuma don tausayi, wai na ga kin yi fayau, sai da na zaunar da ita na yi mata bayani cewa zaƙi yana sa min jiri da zufa da bugun zuciya, kuma furotin ne farko sauran su biyo baya. Ta ji kuma ta gyara, Allah ya saka mata, amma in da ban san abin da aka ce min can ba da haka za mu tafi. Don haka duk wadda za ta je, ke ce za ki riƙe takardarki ki faɗa mata, kar ki sakar mata komai ki ce ai ta sani.

Sai maganar latti. Abincin rana wani lokaci sai bayan azahar yake iso, mu kuwa cin namu da lokaci ne, in kika tsallake guda ba ki iya ramawa a na gaba tunda ba wajen zubawa. Laifin ɗan kabu-kabun ne galibi, yana haɗa saƙonni da yawa ya zagaya Birni da Zango kafin ya zo wajena, ran Juma'a kuwa sai addu'a. Ga zafin garin nan, watan Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, in kuran ya ɗauke firigo ya mutu niƙaƙƙen abinci ba ya jimiri, ya taɓa iso min ya fara tsami na zubar. Da na faɗa mata ba ta yi musu ba, ta cire kuɗin ranar, daga baya ta sayi 'yar kula tana sa ƙanƙara. Abu na uku da ban so ba shi ne zuba abinci da zafinsa cikin roba, na kai mata 'yan kwanonin samira nawa na ce a riƙa sa min a ciki. Magi ma hannunta na da ɗan nauyi, mai tansiyo ta tuna mata.

Amma akwai abin da ta yi min wanda ba ya cikin kuɗin, kuma shi ne ya sa nike wannan rubutun da zuciya ɗaya. Kun san garinmu, mace in ta yi jiki an ce tana cikin daula mijinta na kula da ita, har 'yan mata na shan ƙwayoyin sha ka fashe don su cika. To ke da kika fara zubewa wata bayan wata sai magana ta tashi, wannan ta ce ciwon zamani ne, waccan ta ce sammu ne a nemi magani, wata ta ce maigida ne zai ƙara aure take baƙin ciki. Wajen biki ko suna a tura miki tire a ce ci mana, ki ci loma 2 ki tsame hannu a ce kin raina abincin mutane. Surukata da kanta ta yi fushi da ni don na kasa cin tuwon da ta aiko, kuma tana da gaskiyarta, a saninta ƙin cin abincin babba rashin kunya ne. Hajiya ce ta ce bari in je in gaishe ta, tsara ne su, ta je ta zauna ta yi mata bayani da irin harshensu, ta ce yaya yarinyar nan cikinta ne aka ɗinke, in ta matsa ma kanta amai za ta yi ko ɗinkin ya samu matsala. Abin da na yi ta faɗa ba a ji ba, daga bakinta aka ji. Yanzu surukata ke dafa min ƙwai ta aiko jika da shi. Kuma ban taɓa jin maganata a bakin wani ta hanyar Hajiya ba, a garin da labari ke riga mutum isa gida wannan amana ce babba.

Maigida ma ya sha nasa, don mun saba ci tare a tire guda, sai ga shi ya gama ya wanke hannu ni ina nan ina tauna loma ta uku, ci guda na ɗaukar min minti 20 zuwa 30. Da farko shiru yake yi yana kallona kamar mai jin laifi. Yanzu ya saba, yana zama har in gama, shi ke tuna min ma in na kai hannu ga kofi, don ba a haɗa ci da sha, sai an bar kamar minti 30 tsakani. Ruwan kuma dole lita 1 da rabi a rana kurɓi-kurɓi, da zafin nan in kika yi sake sai jiri da ciwon kai. Lemun kwalba mai gas kam na yi ban kwana da shi.

Abin da girkinta ba zai yi miki ba, komin kyansa, shi ne bitamin. Bayan wannan aikin sai an riƙa shan su kullum, B12 da na ƙarin jini da kalsiyom da bitamin D, kuma a riƙa yin analiz na jini lokaci-lokaci a tura ma lokotoro. Gashina ya zube tsakanin wata na 3 da na 6, na tsorata ƙwarai duk da an faɗa min zai faru, yanzu alhamdu lillahi yana fitowa. Magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac da ake saya wajen masu tebur an hana mu su don suna iya yi ma tumbin gyambo, ko ciwon kai ne ki tambaya tukun. Masu son haihuwa ana cewa a jira wata 12 zuwa 18. Azumi ma lokotorona ya ce in dakata a shekarar farko, na tambayi malam ya ce marar lafiya na da rangwame sai in rama in na samu ƙarfi, amma kowa ta tambayi nata lokotoron don jiki ba ɗaya ba ne.

Yanzu na koma girkina, sai dai ranakun da aiki ya yi min yawa a buro nike yin oda, kuma har yanzu alala da romon kifi nike ce mata. Da na nuna mata yadda ake auna abinci ta sayi ɗan sikeli na kicin, tana rubuta giram ɗin nama a jikin murfin kwano, duk wadda za ta zo bayana za ta samu abin ya fi sauƙi. Ba ta ɗaukar mutane da yawa lokaci guda don ita da ɗiyarta ne kawai ke aikin, in kin san ranar dawowarki ki yi mata magana tun kafin ki tafi, ki tura takardar da wuri su samu lokacin karantawa. Lambarta ba zan sa a fili ba don ban nemi izininta ba, mai so ta yi min magana ta ciki in tambaye ta tukun.