Kwarangwal ɗin akuya da aka ƙera mana a Bauchi: sai da aka koma wajen mahauta

A farkon zangon karatu na kai wa wani mai sana'ar ƙera siffofi da ke unguwar Yelwa a Bauchi aikin kwarangwal ɗin akuya, wanda zan riƙa koyar da ɗalibaina darasin ilimin halittu da shi. Da waya yake ɗaura ginshiƙin, sannan ya lulluɓe shi da filasta, kuma hannunsa yana da tsafta, domin ko ƙahonnin da ya murɗa sun isa a tsaya a kalla.

Sai dai da na je karɓar aikin, na tarar da dabbar da ba akuya ba, ba kuma barewa ba. Daga hoton wayar salula ya kwaikwayo ta, hoton kuwa an ɗauke shi ne ta gaba, saboda haka kan ya yi ƙato, ƙugun ya tsuke. Haƙarƙari goma sha ɗaya ya sa a kowane gefe, alhali na akuya goma sha uku ne, kamar na tunkiya da saniya. Ya kuma jera mata haƙoran gaba a muƙamuƙin sama, inda akuya ba ta da ko ɗaya sai dasashi mai tauri, takwas ɗin duka a ƙasa suke. Babban kuskuren yana ƙafafu: abin da muke kira gwiwar gaba a jikin akuya daidai yake da wuyan hannun mutum, gaɓar da ke lanƙwasa baya a ƙafar baya kuwa dunduniya ce, gwiwa ta ainihi tana can sama kusa da ciki. Shi kuwa ya raba kowace ƙafa gida biyu daidai wa daida, sai ta tsaya kamar teburi.

Abin da ya sa nake yaba masa shi ne yadda ya karɓi gyara. Ya ce, "Malam, a samo mini ƙashin gaske in auna." Muka sayi kai da wuya da ƙafafu da haƙarƙari na akuya guda a wajen mahauta, aka dafa, aka kankare naman, aka shanya. Ya ɗauki tsawon ƙoƙon kai ya mayar da shi ma'auni, yana gwada allon kafaɗa da ƙashin cinya da sangali da shi, yana rubuta awon da alli a bangon shagonsa. Gaɓoɓin wuya bakwai ya ƙirga su da yatsa, ya yi dariya da na gaya masa cewa raƙumin dawa ma bakwai ɗin gare shi.

Gyaran ya ci mako uku maimakon guda da ya yi alkawari, amma bai ƙara ko kwabo a kan kuɗin da muka yi ciniki ba. Har yanzu kofatan sun ɗan fi ƙima girma, filastar kuma tana ɓarewa idan yara suka taɓa. Wanda zai kai masa irin wannan aiki ya tafi da ƙasusuwan tun ranar farko, ya kuma nemi a shafa wa filastar fenti mai kauri.