Kambun Turai na WWF da kambun Talabijin na WCW: wanne ya fi daraja?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi daraja a cikin waɗannan kambuna biyu na resilin da aka daina, na kamfanonin resilin na Amurka WWF da WCW. Ni dai na Talabijin nake ba wa.

Kambun Turai ya fara da ƙarfinsa. A Fabrairun 1997 aka yi gasarsa a Jamus, British Bulldog ya kayar da surukinsa Owen Hart a wasan ƙarshe a birnin Berlin, ya riƙe shi kwana 206, kuma babu wanda ya sake kai haka. Shawn Michaels ya ƙwace shi a Birmingham ta Ingila a watan Satumba, amma kafin shekarar ta ƙare ya kwanta da gangan don abokinsa Triple H ya danne shi. Daga nan mutuncin kambun ya fara zubewa. A 1999 Shane McMahon da ke riƙe da shi ya ajiye shi, Mideon ya tsince shi a cikin jakar Shane, shi ke nan ya zama zakara ba tare da ya kara da kowa ba.

Na Talabijin ya girme shi nesa ba kusa ba, tun 1974 yake a yankin Mid-Atlantic na Amurka. Abin da ya bambanta shi doka ce: ana ƙayyade lokaci, yawanci minti 10 ko 15, idan ya cika ba a kayar da zakara ba, kambu na nan a hannunsa. Wannan ya sa kowane minti ke da nauyi. William Regal, wanda ya riƙe kowanne daga cikin kambunan nan sau 4, gwani ne wajen jan lokaci har ƙararrawa ta buga, 'yan kallo na ta masa ihu. Arn Anderson ya ɗaga darajarsa, Booker T ya ci shi sau 6, kuma a kansa ya nuna zai iya tsayawa shi kaɗai ba tare da ɗan'uwansa Stevie Ray, wanda suke haɗa gwiwa a wasan bibbiyu, ba.

Wajen ƙarshe kam, na Turai ya fi samun sutura. Ranar 22 ga Yulin 2002 Rob Van Dam ya doke Jeff Hardy a wasan tsani (inda ake hawa tsani a ciro kambu), aka haɗe kambun Turai da wani kambun kamfanin mai suna Intercontinental. Na Talabijin kuwa a kwandon shara aka jefa shi lokacin yana hannun Scott Hall a 1999, Jim Duggan ya tsinto shi, aka soke shi a Afrilun 2000. Wannan wulaƙancin har yau yana min ciwo.