Ƙaramin dish ko babba: amsa ga ɗan'uwa mai son tashoshin waje na kyauta

Malam, ka ce kana Argungu, ka gaji da biyan kuɗin wata, kana son kama tashoshin ƙasashen waje na kyauta, musamman na Makka da Madina da na labarai, yara kuma na damunka da katun. Wani ya ce maka ƙaramin dish mai faɗin santimita 90 ya isa, wani kuma ya ce sai babba mai mita 1.8, shi ne kake tambayar wanne za ka saya.

Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowa da tauraron ɗan'adam da yake nufi ne. Taurarin talabijin duk a jere suke a saman tsakiyar duniya, nisan kilomita kusan 36,000, kowanne kuma da yankin da aka saita shi ya haska. Wanda aka saita wa Afirka ta Yamma, ƙaramin dish ma ya ishe shi. Wanda aka saita wa ƙasashen Larabawa kuwa, mu a gefen haskensa muke, ɗan abin da ya zubo ne muke tara, don haka sai da babban faranti. Ke nan kafin ka taya kowane dish a kasuwa, fara sanin tauraron da tashoshinka suke kai.

Ƙaramin yana kama tauraron Eutelsat 16A da mazauninsa a wannan jeri ke digiri 16 gabas, inda tashoshin ƙasashen da ke magana da Faransanci suka taru, irin su Kamaru da Senegal, da wasu na gida Najeriya. Yana kama Astra da ke digiri 28.2 gabas, mai ɗauke da tashoshin Ghana irin su Joy Prime da Adom TV, da tarin tashoshin coci. Wanda ke harka da Kamba, yana leƙa Gaya da Dosso, kunnensa ya saba da Faransanci, zai ji daɗin na farkon. Dish ɗin ba tsada, mutum ɗaya na ɗaukarsa a babur, a ɗaure shi a bango da kusoshi huɗu, aiki ya ƙare kafin la'asar. Amma ka sake duba jerin da ka kawo. Yawancin abin da ka lissafa ba a nan yake ba.

Abin da kake nema yana kan Nilesat na Masar, digiri 7 yamma, tare da taurarin Eutelsat da ke maƙwabtaka da shi, da kuma Badr na Arabsat a digiri 26 gabas. A can ne tashoshin Saudiyya biyu suke, mai nuna Ka'aba dare da rana da karatun Alƙur'ani, da mai nuna masallacin Madina. A can ne Al Jazeera da Al Arabiya da France 24 suke. Akwai MBC 2 mai finafinan Turanci da fassarar Larabci a rubuce, da MBC Bollywood, sai MBC 3 da Spacetoon na yara. Mu nan Kebbi da Sakkwato da Zamfara mun fi mutanen kudu sa'a, don gwargwadon yadda ka yi arewa, haka siginar ke ƙaruwa. Shi ya sa za ka ji wani ya rantse cewa da ƙaramin dish yake kallon Nilesat. Gaskiya ne, yana kama wasu mitocin tashoshi masu ƙarfi, ya rasa sauran, kuma da hadari ya haɗu hoto sai ya fara tsinkewa yana ƙanƙancewa gida-gida, kafin ruwa ya sauka ya ɗauke gaba ɗaya. Lissafin ba wuya: dish mai mita 1.8 ya ninka na santimita 90 sau biyu a faɗi, amma sau huɗu a yawan filin da yake tara sigina. Wannan rarar ce ke riƙe maka hoto a watan Agusta.

Sai dai babba na da nasa hali, kuma nan ne nake so ka natsu. Daga Argungu, Nilesat yana kudu maso yamma, ya yi sama sosai, wajen digiri 70 daga ƙasa. Babban dish irin mai LNB a tsakiya, wato ɗan kan nan da ke karɓar siginar da farantin ya tara, kusan kwance zai yi yana kallon sama kamar faifan da aka shanya, ya tara ruwa da ƙurar hunturu da ganyen dogonyaro. Ka tabbata ramin tsakiyarsa ba ya toshe, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi daga ciki. Kar ka yarda a ɗora maka shi a kan rufin kwano. Iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas a watan Mayu da Yuni, wadda ke yaye rufin makarantu, ba za ta raga wa faranti mai faɗin mita 1.8 ba, ƙila ma ta tafi da shi haɗe da kwanon. A haƙa rami a tsakar gida, a kafa ƙarfe mai kauri, a sa ma'aunin magina a ga ya miƙe sak ta kowane gefe, a zuba kankare, a bar shi ya bushe kafin a ɗora nauyi. In akwai awaki a gidan a kewaye shi, don suna son soshe jiki da ƙarfen. Babban dish kallonsa siriri ne, kaucewar da ƙarami zai jure, shi tana iya ɗauke masa rabin tashoshi. Ka kuma guji mai falle-falle na gwangwani mara kauri, wanda ake haɗawa da noti. In bai haɗu daidai ba, ko ya lanƙwashe a hanya, ƙaramin dish mai kyau ya fi shi aiki.

Risiba kuwa duk ɗaya ce ga su biyun. Ko Strong ce ko wata, abin dubawa shi ne a ga an rubuta DVB-S2 a kwalinta kuma tana buɗe HD, in da hali mai HEVC, don tashoshi na ta barin tsohon tsari. Tsohuwar risiba za ta nuna maka sunan tasha amma allo baƙi. Yawancin ƙananan na yanzu bolt 12 suke ci, batirin sola na ɗaukarsu. Risiba mai tsada ba ta ƙara wa ƙaramin dish faɗi, kar mai shago ya ruɗe ka da wannan.

LNB ɗin duka taurarin nan da na ambata na zangon sigina da ake kira Ku ne, wanda ake saita wa 9750 da 10600 a cikin risiba. Akwai na C, mai 5150, wanda ruwan sama bai cika damunsa ba, amma shi ba ya aiki sai da babban dish, kuma ba shi kake buƙata yanzu ba. Abin da masu koyon seti ke mantawa shi ne murɗa LNB. A yankinmu murɗin na da yawa: na Nilesat ya kai wajen digiri 40, na Badr ya fi haka, kuma ta ɗaya ɓangaren. Ranar seti ka zauna gaban talabijin da kanka. Layi biyu za ka gani, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na kwaliti. Na farkon yana iya cika ko da dish na kallon bishiyar maƙwabci, don shaida ce kawai cewa waya ta haɗu da LNB. Na biyun ne magana. Ka sa mai seti ya gwada mita mai rauni, ba mai ƙarfi kaɗai ba, ya murɗa LNB a hankali har kwaliti ya daina hawa, sannan ya ɗaure noti yana kallon allo, don wajen ɗaurewa ne seti ke gocewa.

Ni dai da ni ne kai, babban zan saya in kafa shi a kan Nilesat, tunda can ne Makka da Madina da labarai da katun suka haɗu. Daga baya in kuɗi sun samu a ƙara ƙarami a bango don digiri 16, a haɗa su da ɗan akwatin nan na DiSEqC mai baki huɗu, wanda ke ba risiba damar sauyawa daga wannan tauraro zuwa wancan, waya ɗaya ta shiga ɗaki. Wasu na jera LNB uku ko huɗu a kan dish ɗaya, kuma yana yi idan taurarin na kusa da juna, kamar Badr da Astra da digiri 2 da ɗoriya ne tsakaninsu. Nilesat da Badr kuwa digiri 33 ne, wanda aka sa a gefe zai zo da rauni, alhali dama can da ƙyar yake iso mu. In kuwa aljihu bai kai ba a yanzu, ko gidan haya kake ba filin kafa ƙarfe, sayi ƙaramin, amma ka saye shi da sanin cewa na Afirka zai ba ka sosai, na Larabawa kuwa tsinta-tsinta.

Maganar ƙwallo, tunda na san za ta biyo baya: gasar Firimiya ta Ingila a kulle take, tashoshin beIN da ke nuna ta a Nilesat na kuɗi ne, kuma girman dish ba ya buɗe su. Masu cewa za su sa maka lambar da za ta buɗe komai, yau ta yi gobe ta mutu.

Wajen waya kar ka yi ƙwauro, sayi RG6 mai kauri, a naɗe mahaɗarta ta waje da tef don ruwa kar ya shiga, kuma in ana tsawa ka zare ta daga bayan risiba. Kafin ka sallami mai seti, ya rubuta maka a takarda wane tauraro ke kan wane bakin DiSEqC, ya kuma nuna maka yadda ake binciken tashoshi da kanka, don suna sauya mita lokaci-lokaci, ba kullum za ka riƙa biyansa kuɗin mai ya zo ya danna maka rimot ba.