Jakar tsotse mai da na saya wa jirgina, bayan wata shida

Abinda ya sa na saye ta, wata rana da safe na zo tada inji sai naga ruwan gefen jirgi yana ƙyalli kala-kala kamar bakan gizo, ashe tiyon dizal ne ya tsage cikin dare yana ta ɗiga. Wallahi raina ya ɓaci don ƙananan kifaye ne cike a wurin, kuma babu abinda zan kwashe shi da shi sai tsumma, tsumma kuwa ruwa yake fara sha kafin mai.

A cikin jakar akwai fararen fallaye kamar matsattsiyar auduga, da wasu dogaye kamar matashin kai da ake kewaye man da su kada ya bazu, sai safar hannu da ledar zuba wanda aka gama da shi. Da wata irin roba ake yinsu, folifurofilin, ita bata shan ruwa sam sai mai. Na gwada da kaina, na zuba baƙin mai a bokitin ruwa na ɗora falle ɗaya, nan take ya koma baƙi ƙirin ya yi nauyi amma yana nan a sama bai nitse ba. A kula dai, farare ake nema, masu launin toka har ruwa suke sha.

Inda bai burge ni ba, in man ya riga ya bazu ya zama siririn ƙyallin nan to kusan aikin banza kake, kana ɗorawa yana zamewa, kuma ranar da ake iska igiyar ruwa tana tsallakar da man ta saman dogayen ko ta ƙarƙashinsu. Ledar ma ta yi ƙanƙanta.

Amma duk da haka ya fi abinda naga mutane suna yi sau dubu, wato watsa sabulun wanki a kan man. Ƙyallin zai ɓace kace an gama, alhali man yana nan, farfasa shi kawai kayi ya sauka ƙasa inda ƙwan kifi da su jatan lande suke. Ko a malalar man da aka yi a 2010 a wurin haƙar mai na Deepwater Horizon a Tekun Meziko, da ɗanyen mai kusan ganga miliyan 4.9 ya kwarara tsawon kwana 87, an zuba sinadarin tarwatsa mai galan kusan miliyan 1.8 kuma masana sun daɗe suna muhawara kan illar da hakan ya yi wa halittun ƙarƙashin teku. Su ma kenan da ƙwararru, balle kai da kwalbar sabulu.

Tsuntsaye ne suka fi bani tausayi. Mai yana taɓa gashinsu sai ya manne, ruwa ya ratsa har fata, sanyi ya kama su, su sa baki su gyara gashin su haɗiye man. Man da jirgin Exxon Valdez ya zubar a Alaska a 1989 an ƙiyasta tsuntsayen teku wajen 250,000 ya hallaka. A tsibirin Moris kuma a 2020, lokacin da jirgin Wakashio ya zubar da mai kusan tan 1,000, mutanen gari da ganyen rake da gashin kai suka riƙa ɗinka irin dogayen nan da hannu don tare man. Ni kuma ga shi a jaka an haɗa min komai.

Yanzu kullum akwai falle ɗaya a ƙarƙashin injina, wani kuma ina riƙe da shi a bakin tanki in ana zuba mai. In ya yi nauyi na ɗaure shi a leda na kai wurin masu karɓar baƙin mai, don Allah kada a jefa shi a ruwa ko a ƙona. Zan sake saya, amma babbar jaka wannan karon.