Lab ko kwamfuta? Amsa ga mai son shiga binciken ƙwayoyin gado

Ƙanwata da kika ce kin gama bayokemistiri kina jiran bautar ƙasa, kina son shiga binciken ƙwayoyin gado amma kin rasa wanne za ki kama, aikin lab da hannu ko bayo-infomatiks wato aikin kwamfuta, toh ga abin da nake gani, kiyi haƙuri zai ɗan yi tsawo dan maganar ba ƙarama bace.

Farko dai ki gane aikin kowanne. Mai lab shi ne yake karɓar jini ko ganye ko sauro ya ciro DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, daga ciki, ya sa a injin PCR ya ninka ɗan guntun da yake nema zagaye talatin ko fiye har ya yi yawan da za a iya gani, ya zuba a jel, wani daskararren abu da ke rarrabe guntayen DNA, ya duba, in ya fito da kyau a kai injin da ke karanta jerin haruffan DNA ɗin. Mai kwamfuta kuma daga nan nasa yake farawa, injin ya zubo masa A, T, G, C miliyoyi a cakuɗe, shi zai tace ya jera ya kwatanta da na wasu ya ce ga inda bambancin yake. Ɗauki sikila da duk mun santa a gidajenmu, harafi ɗaya ne tak ya canza a ƙwayar gadon HBB, GAG ya koma GTG a gurbi na 6, shikenan jajayen ƙwayoyin jini suke lanƙwashewa. A jikin ɗan adam kuwa haruffan nan sun kai biliyan 3, kinga ba idon da zai zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya, dole sai kwamfuta, kuma kwamfutar ba abin da za ta duba in wani bai tsaya a lab ya ciro ba.

Wajen kuɗi da kayan aiki kam tazarar tana da yawa sosai. Lab yana cin kuɗi, sinadaran nan kusan duka daga waje ake odarsu da dala, wasu sai an ajiye su a firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifili, samfura kuma wasu sai mai 80 ƙasa da sifili, in aka ɗauke wuta janareto bai tashi ba babu sola babu inbata, aikin wata da watanni zai iya lalacewa a dare ɗaya kuma ba laifinki bane. Ɗaliban mastas da yawa da aljihunsu suke sayen kayan nan, wani ya yi ta jiran oda har zangon karatu ya wuce. Kwamfuta kuwa laftof mai ɗan ƙarfi da data sun isa ki fara yau ɗin nan, rumbun bayanan gado na NCBI na Amurka kyauta ne, manhajar BLAST mai kwatanta jerin haruffa kyauta, R da Python da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su da kuma manhajar Linux kyauta, akwai shafin Galaxy da za ki ɗora aiki a kan sabarsu in taki kwamfutar ba za ta ɗauka ba. Ƙwayar cutar korona haruffanta wajen 30,000 ne kawai, ko laftof ɗin ɗalibi zai yi aiki da ita. Sai dai kar wani ya ruɗe ki, babban aiki irin na mutane ɗaruruwa sai manyan sabobi, wannan sai kin shiga wata cibiya.

Wajen wahalar koyo kowanne da irin tasa. Lab hannu yake so, riƙe fifet ɗin nan, ɗan bututun awon ruwa, ki ɗebi ɗigon da da ƙyar ido ke gani ba tare da kin gurɓata shi ba, wannan ba a koyonsa a YouTube sai kin tsaya kusa da wanda ya iya ya riƙa gyara miki, kuma PCR zai ƙi fitowa ki sake ya ƙi ki sake, sai mai haƙuri. Kwamfuta kuma abin da ke korar 'yan bayoloji shi ne lissafi, musamman istatistiks, da kuma baƙin allon nan na Linux da za ki rubuta umarni ya yi ta kawo miki kuskure dan kin manta waƙafi ɗaya. Watannin farko akwai ciwon kai, bayan nan hanya tana buɗewa.

Wata magana da ba a cika faɗa wa mata ba, ni kuma zan faɗa. Lab baya sanin asabar baya sanin lahadi, in kina renon ƙwayoyi lokacinsu ya yi dole ki je, wani aikin ya kai ki dare. Na kwamfuta za ki iya yinsa daga ɗaki bayan yara sun yi barci. Ba ina cewa mace ta guji lab bane, mata sun cika labobi a duniya, ai Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier da suka ci kyautar Nobel a 2020 kan CRISPR, wato dabarar yanka da gyara DNA, mata ne. Kawai ki san abin da za ki tarar ki shirya da mutanen gida tun wuri.

Inda ake aikin kuma ba sai kin tsallaka teku ba kamar yadda mutane ke ɗauka. A Ede ta jihar Osun akwai cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi, su suka karanta jerin ƙwayar korona ta farko a Afirka a watan Maris 2020. A Samaru Zariya cibiyar IAR ta ABU ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019 wanda ke jure tsutsar da ke huda kwanson wake, Farfesa Mohammad Ishiyaku ne ya jagoranci aikin. Akwai kuma cibiyoyin bincike irin su IITA a Ibadan, NIMR a Legas, CERMES a Yamai, WACCBIP a Jami'ar Gana, da MRC a Gambiya. In noma ne ya fi jan hankalinki ICRISAT na aiki kan gero da dawa da gyaɗa kuma suna da ofis a Kano da tasha a Sadore kusa da Yamai. Duk waɗannan suna buƙatar ɓangarorin biyu, amma ni a ganina masu iya sarrafa bayanai sun fi ƙaranci, injinan karanta DNA suna ta sauƙi har akwai MinION da ke shiga tafin hannu, bayanai na ta taruwa masu fassara su basu da yawa. Kuma in bincike bai yi ba, wanda ya iya Python da istatistiks yana da wasu ƙofofin, mai lab kuwa nasa sun fi tsukewa, koyarwa ko lab ɗin asibiti, shi ma na asibitin a Najeriya akwai maganar lasisi da ba kowane digiri ke bayarwa ba, ki bincika wannan da kyau.

Toh in ni ce ke, kwamfuta zan fara kamawa yanzu, dan ita ce ba ta jiran izinin kowa. Shekarar bautar ƙasan nan ki koyi Linux da R, ki sauko da bayanan ƙwayar zazzabin cizon sauro ko na korona ki yi ɗan aiki ki ajiye a GitHub, shafin da masu aikin kwamfuta ke ajiye ayyukansu, wannan shi za ki nuna wa sufabaiza in kina neman tallafin karatu na Commonwealth ko DAAD, ya fi dogon rubutun ina da sha'awa. Amma don Allah kar ki tsaya nan, ki nemi a tura ki hidima inda ake da lab ko ki roƙi wani malami ki riƙa zuwa kina taya shi ko wankin kwalabe ne, har ki ciro DNA da hannunki ki ga yadda samfur ke gurɓata. Wanda bai taɓa ganin haka ba sai kwamfuta ta nuna masa shirme ya ɗauka sabon abu ya gano.

Abin da yake damuna kuma shi ne maganin sikila na Casgevy da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, da CRISPR aka yi shi, kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon, kuma yawancin bayanan gadon da duniya ta tara na Turawa ne, namu kaɗan ne ƙwarai, shi yasa ma aka kafa shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gadon 'yan Afirka. In za ki zaɓi maudu'in mastas ki duba wannan ɓangaren na ƙwayoyin gadon mutanenmu, kuma ki zaɓi sufabaizan da yake da kuɗin bincike a hannu, ki tambayi tsofaffin ɗalibansa shekara nawa suka yi kafin su gama tun kafin ki biya kuɗin rajista.